Injin hudar kankare mai batir: yadda za ka yi aiki da shi ba tare da ya ji maka ciwo ba

Sana'ata ɗaura na'urar sanyaya ɗaki da kafa ƙarafan taga, shagona kuma yana Aboabo a nan Kumasi. A shekarun da dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, ya tsananta, wajen 2014 da 2015, sau da yawa mukan isa wurin aiki da sassafe mu zauna a kan bulo har azahar muna jiran wuta, in mun gaji mu koma ga guduma da cizal. Shi ya sa da injin huda mai batir ya wadata a shagunan Adum da Suame, duk mai ɗan hali a cikinmu ya saya. Ya rage mana wahala ƙwarai. Sai dai tunda babu waya da ke binsa a baya, kwarjininsa ya ragu a idon mutane. Ana miƙa wa yaro shi yana kan tsani, a ce masa "huda nan", karatun ke nan gaba ɗaya.

Na ga abin da hakan ke haifarwa a kan yaron shagona. Muna kafa ƙafar na'ura a bangon wani bene a Sawaba, yana kan tsani, hannu ɗaya a kan inji, ɗaya dafe da bango. Bakin hudar ya ci karo da rodi a cikin linta ya cije, sai injin ya juya da hannunsa. Allah Ya kiyaye bai faɗo ba, amma wuyan hannunsa ya yi makonni a ɗaure. Abin da ya ce mini a ranar shi ne, "Masta, ai ba ka taɓa gaya mini yana murɗe mutum ba." Gaskiya ya faɗa, kuma laifin nawa ne. Abin da zan jero a nan shi ne abin da ya kamata ya ji daga bakina tun kafin ya taɓa injin.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Akwai ƙaramin diril na gida mai alamar guduma, akwai kuma wannan da muke magana a kai, kuma cikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramin yana da faifai biyu masu haƙora da ke gogar juna, don haka sai ka danna da ƙarfi yake ɗan bugawa. Babban kuwa fistin ne a cikinsa, yana kai da komo a cikin bututu yana matse iska, iskar ce ke wurga wani dunƙulen ƙarfe ya daki gindin bakin hudar, sau dubu huɗu ko fiye a minti ɗaya. Ana auna ƙarfin dukan da jul, kuma masu batir da muka fi riƙewa suna bayar da jul 2 zuwa 3. Ma'anar wannan ita ce dukan daga cikin injin yake fitowa, ba daga kafaɗarka ba. Duk wanda ka ga ya jingina ƙirjinsa yana turawa har jijiyar wuyansa ta fito, bai ƙara saurin huda ba, ya dai ƙara wa injin zafi, ya gajiyar da kansa, ya kuma sa kansa a inda zai kifa idan bakin ya fasa ta baya.

Bakin hudar, wanda muke kira biti, gindinsa yana da kwarmi. Wanda aka fi sani shi ne SDS-Plus, ƙirar da kamfanin Bosch ya fito da ita a 1975, kaurin gindinsa milimita 10. Na manyan injuna shi ne SDS-Max, milimita 18, kuma ɗaya ba ya shiga bakin ɗaya. Injin SDS-Plus ya fi jin daɗin rami daga milimita 5 zuwa 16 a kankare. Yana iya kaiwa ashirin da 'yan kai, amma yana nishi. Wani abin da ke ruɗa masu saye a kasuwa: batir da aka rubuta wa 18V da wanda aka rubuta wa 20V Max abu ɗaya ne, ƙwayoyi biyar ne a jere, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu lokacin aiki, wani ya rubuta na lokacin da suka cika fal. Lambar Ah kuwa girman tanki ce, 5Ah ya fi 2Ah jimawa.

A gefen injin akwai maɓallin juyawa mai alamomi: hoton biti kaɗai, juyi ne babu duka, na katako da ƙarfe da tayil; biti da guduma, na kankare da bulo; guduma kaɗai, na sara da cizal. Ba a juya wannan maɓalli injin yana gudu, haƙoran ciki ne ke karyewa.

Mataki na farko: karanta bangon

Ramin kansa daƙiƙa goma ne ko ashirin. Aikin da ke cin lokaci, wanda kuma nake so ka ba shi haƙƙinsa, shi ne sanin abin da ke kwance a bayan filasta.

Injinka ba shi da waya, amma bangon yana da ita, kuma wutar gidajenmu bolt 230 ce. A ƙa'idar wayarin irin ta Ingila da ƙwararrun ma'aikatanmu ke bi, bututun waya yana tafiya ne a miƙe daga soket ko makunni, ko sama da ƙasa ko dama da hagu, sannan yana iya bin gefen rufi ko kusurwar ɗaki cikin faɗin inci shida, wato santimita 15. Saboda haka ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka ƙirga kowane soket da makunni da fitila da abin sarrafa fanka, ka ja layi a zuciyarka daga kowanne, ka nisanci layukan nan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: sau da yawa za ka ga inda aka sare bango aka mayar da filasta, launinsa ya ɗan bambanta ko ya ɗan tasa.

Wannan ƙa'idar ce. Gidajen zango kuwa ba duka aka gina a kanta ba. Dokar wayarin ta 2011 ta ce sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne zai yi wa gida waya, amma gidajen gado da yawa sun girmi dokar, an yi ta ƙara ɗaki bayan ɗaki, kowane ƙari da mai wayarinsa. Na sha ganin waya ta ratsa bango a karkace don a rage tsawonta. Don haka ka tambayi mai gida ko tsohon da ya fi daɗewa a gidan. "Baba, ta ina aka shigo da wutar ɗakin nan?" Wannan tambaya ta taɓa kawar da ni daga rami da na riga na yi wa alama da fensir.

Idan kana da na'urar gano waya da ƙarfe, ka shafa ta a bangon tun wuta tana kunne, domin waya mai rai take ji. Bayan ka gama sai ka je ka kashe babban makunni. Ka tuna a gidan haya mai mita da yawa, mitar da ka kashe ba lallai ita ke ciyar da bangon da za ka huda ba, wayar maƙwabci tana iya bi ta nan. Haka kuma ɗaukewar wuta ba izini ba ce: tana iya dawowa kana tsakiyar rami, kuma gidan yana iya zama da inbata ko sola ko janareta. Na'urar ma takan ruɗe a jiƙaƙƙen bango lokacin damina, don haka shirunta ba rantsuwa ba ce.

Fayif ɗin ruwa yana bin bayan banɗaki da madafa, yawanci a miƙe daga famfo. Ka leƙa ɗayan gefen bangon da ƙafarka: wa ke zaune a can, me aka jingina, akwai silindar gas? Idan ramin zai fasa zuwa waje, ka sa wani ya tsaya a ƙasa ya hana yara wucewa.

Sai rodi. Fila da linta da bim da dakin, wato rufin kankare, duk suna da shi, yawanci bayan inci ɗaya ko ɗaya da rabi na kankare. Ƙaramin rami na fisha, wato robar da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, ba ya cutar da su, amma babban rami na fayif ba a yin sa a fila ko bim sai injiniyan ginin ya yarda, ko da mai gida ya matsa maka. Abu na ƙarshe a nan: tsohon rufin siminti mai kwarmi da muke ce wa silet, wanda ke kan tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu, da yawansa na asbestos ne. Ƙurarsa tana kawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa. Wannan injin ba ya zuwa kusa da shi.

Mataki na biyu: shirya jikinka

Tabarau na kariya mai rufe gefe, ba na rana ba. Ɓarɓashin kankare yana tashi da gudu, kuma idan kana huda sama, kai tsaye cikin ido yake zubowa.

Ƙura ita ce inda na fi so in tsaya, domin ciwonta ba ya zubar da jini a ranar, shi ya sa manyan masu sana'a ma ke raina ta. Bulo da kankare yashi ne da dutse, kuma a cikin yashi akwai sinadarin silika. Idan biti ya niƙa shi, wani ɓangare yana zama gari mai laushin da ido ba ya gani, ya wuce hanci da maƙogwaro ya zauna a can ƙasan huhu. Jiki ba ya iya fitar da shi, sai ya yi masa tabo. Tabon nan yana taruwa shekara bayan shekara har numfashi ya gajarce. Likitoci suna kiran cutar silikosis, irin wadda ke kama masu haƙar zinariya da masu fasa dutse, ba ta da maganin warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Madarar gwangwani da wasu ke sha bayan aiki wai don ta wanke ƙura ba ta yin komai, ciki take zuwa, ƙurar kuwa tana huhu. Ƙyalle da aka ɗaura a hanci da shuɗin takunkumin asibiti su ma ba sa tare wannan gari. Wanda ke tarewa shi ne mai lamba FFP2 ko N95, wanda ya fi su kuma FFP3, kuma sai ya manne da fatar fuska.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Da yawanmu muna da gemu, kuma gashi yana hana takunkumi mannewa, ƙura ta bi ta gefe. Ban ce kowa ya taɓa gemunsa ba. Abin da na ce shi ne mai gemu ya fi kowa buƙatar kama ƙurar tun daga bakin rami: ko hular roba da ake zura wa biti ta tare garin, ko injin zuƙe ƙura da wani zai riƙe a ƙarƙashin ramin, ko irin wanda ake maƙala wa injin kansa. Ka buɗe tagogi, ka fitar da mutanen gida daga ɗakin, musamman yara da masu asma. Kada ka hura rami da baki. Idan ka gama ka yayyafa ruwa kafin ka share, domin busasshiyar tsintsiya tana mayar da ƙurar cikin iska ne kawai.

Kunne shi ma a hankali yake tafiya. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce kunne yana jure ƙara mai desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Wannan inji a cikin ɗakin da ba kowa yana wuce 90 cikin sauƙi. Idan ka tashi aiki kunnenka yana ƙugi, ya riga ya ji jiki. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, kuma wanda ke riƙe maka tsani ma yana buƙatarsa.

Tufafi: jallabiya da babbar riga da rawani mai jela a ajiye su sai an tashi. Carbi a aljihu, ba a wuya ko a hannu ba. Safar hannu ta zama mai kama hannu sosai, domin mai sako-sako biti yana iya naɗe ta. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya ba tare da ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba, kuma ni a ganina yaron da ke koyon aiki a ƙarƙashinka ya fi kowa cancantar wannan, tunda amana iyayensa suka ba ka.

Mataki na uku: haɗa injin, batir a cire

Duk abin da za ka yi a bakin injin, batir yana waje. Injin mai waya kana ganin an zare shi daga soket; mai batir kullum a shirye yake, kunamarsa kawai yake jira.

Duba jikinsa ko ya tsage, duba kunama ko tana komawa da kanta idan ka sake ta. Duba biti: idan ya lanƙwashe, ko ɗan ƙarfen da ke kan bakinsa ya ɓalle ko ya sulɓe, ka yar da shi. Dakusasshen biti shi ne ke sa mutum turawa da ƙarfi, kuma ramin da yake yi ya fi ƙanƙanta, fisha ta ƙi shiga. Goge gindin biti, shafa masa giris kaɗan kamar ƙwayar masara, tura shi ciki kana ɗan juyawa har ka ji ƙas. Ja shi baya. Zai yi wasa gaba da baya kamar santimita ɗaya, wannan daidai ne, hanyar dukansa ce. Idan ya fito gaba ɗaya a hannunka, bai kulle ba.

Maƙala hannun gefe ka ɗaure shi tam. Shi ne abin da yara suka fi cirewa wai yana tare hanya, kuma shi ne abin da yaron shagona ya rasa a ranar da na ba ku labarinta. Saita sandar auna zurfi, ko ka naɗa salatif a jikin biti: tsawon fisha da ƙarin santimita ɗaya don garin da zai rage a ƙasa. Lambar da ke jikin fisha ita ce lambar biti, 6 da 6, 8 da 8, 10 da 10. Zaɓi yanayin aiki, tabbatar maɓallin gaba da baya yana gaba, sannan ka tura batir har ya yi ƙara.

Mataki na huɗu: tsayuwa

Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan sake. Hannu biyu, kowanne a kan roba, babban yatsa ya zagaye mariƙi. Kada ka riƙe ƙarfen gaban injin, domin idan biti ya taɓa waya, ta nan wuta ke bi. Biti yana juyawa dama, don haka idan ya cije jikin injin hagu zai fizga. Ka sa hannun gefe a inda tafin hannunka zai tare wannan fizgar, ka kuma kawar da haɓarka daga layin batir.

A kan tsani duk wannan ya fi wuya. Tsani ya zauna a ƙasa mai ƙarfi, wani ya riƙe shi, kada ka hau matakai na can ƙarshe, kuma ka fuskanci bango kai tsaye, kada ka miƙa gefe. Idan ramukan suna da yawa, ko a wajen bene ne, a kafa sikafol. Aikin da ba zai yiwu da hannu biyu a kan inji ba, tsayuwar ce ba daidai ba, ita za a gyara.

Mataki na biyar: huda

Ɗora bakin biti a kan alama kafin ka taɓa kunama, a miƙe yake da bango ta kowane gefe. Matsa kunama kaɗan har ya yi ɗan gurbi, sannan ka ƙara gudu. Turawar da ake so ita ce wadda za ta sa dukan ya kama, ka ji ƙarar ta daidaita, ba ƙari. A rami mai zurfi, bayan kowane inci ɗaya ko biyu ka ɗan ja biti baya yana juyawa don ya fitar da gari. Garin da ya cushe shi ne rabin dalilin cijewa. Idan ka kai zurfin, fito da shi yana juyawa a hankali, ka bari ya tsaya cak kafin ka sauke injin.

Kowane bango da halinsa. Tayil ana fara shi babu duka, da salatif a kan alamar don kada biti ya zame, sai an wuce tayil ɗin a kunna guduma. Bulo mai rami, na inci biyar ko shida, fatarsa ba ta da kauri, biti yakan faɗa cikin ramin ba zato, don haka ka sassauta. Idan bulon mai ƙarancin siminti ne, wanda ke marmashewa a hannu, ka kashe dukan gaba ɗaya, in ba haka ba ramin zai yi faɗi fisha ta ƙi kamawa. Ka bar aƙalla inci biyu ko uku daga gefen bango ko bakin taga, kusa da gefe kankare yana ɓallewa. Idan za ka fasa bango gaba ɗaya, ka rage turawa sa'ad da ka kusa fita, ko ka fara ratsawa da siririn biti sannan ka ƙarasa daga ɗaya gefen, don kada filastar waje ta ɓare. Ramin fayif ɗin na'urar sanyi ana ɗan karkata shi ƙasa ta waje saboda ruwa, kuma bakin zobe mai lu'ulu'u da ake yin sa da shi ba ya son duka sam. Babban zobe irin wannan shi ne ya fi kowane baki cijewa, ga shi yana wahalar da ƙaramin inji, ka bi shi sannu.

Ka riƙa kallon garin da ke fitowa kana kuma saurare. Toka-toka kankare ne. Idan ka ga ɓarɓashin roba, fari ko baƙi, ko injin ya yi laushi kwatsam a inda bai kamata ba, ka saki kunama nan take, bututu ka taɓa. Idan ƙarar ta koma ta ƙarfe kuma biti ya daina shiga, rodi ne. Kada ka nace, ka matsar da ramin inci ɗaya ka cike na farkon.

Idan biti ya cije, abu na farko shi ne sakin kunama. Injuna masu kyau suna da kuloci da ke zamewa da ƙara kar-kar-kar, wasu sababbi kuma suna kashe kansu idan sun ji fizga, amma dukansu sai ka riƙe injin da kyau suke aiki. Sa maɓallin baya ka gwada a hankali. In ya ƙi, cire batir, saki biti daga injin, ka murɗo shi da filaya. Kada ka mayar da injin sandar ɓanɓara kana lanƙwasa shi sama da ƙasa. Biti da ya fito daga kankare yana ƙona fata, kuma ba a tsoma shi a ruwa don ya huce, bakin yana tsagewa.

Kafin ka sa fisha ko ƙusa mai buɗewa, fitar da garin da ke cikin ramin da ɗan famfon iska da buroshi, fuskarka a gefe. Na'ura mai nauyi da aka rataya a kan ramin da ke cike da gari, wata rana a kan mutum za ta sauka.

A yanayin sara da cizal ƙa'idar ɗaya ce, sai dai gutsattsarin sun fi girma. Fara daga gefe, ka karkata cizal, kada ka soka shi a tsakiya ya maƙale. Ƙaramin inji na cire tayil ne da sare hanyar waya, ba na rushe dakin ba.

Girgiza

Wannan ma ciwo ne marar jini. Girgizar injin tana lalata ƙananan jijiyoyin yatsu, a fara da tsami da mutuwar yatsa bayan aiki, a kai ga mutum ya kasa ɗaukar ƙaramin sukuru ko ɓalle maɓallin riga. A littafin kowane inji akwai lambar girgizarsa. A ƙa'idar Turai ta 2002, matakin da za a fara ɗaukar mataki shi ne 2.5, iyakar da ba a wucewa kuma 5, a lissafin awa takwas. Inji mai lamba 15, wanda ba baƙon abu ba ne a hudar kankare, yana kai matakin farko cikin kamar minti 13 na matsa kunama, ya kai iyaka kafin awa ɗaya ta cika. Lokacin matsa kunama ake ƙirgawa, ba tsawon yini ba, don haka mai ramuka ashirin bai kai ba, amma wanda aka sa sarar hanyar waya a gida guda ya wuce tun kafin hantsi. A riƙa karɓa-karɓa, a sa biti mai kaifi, kada a damƙe mariƙi fiye da buƙata. A watan azumi nakan tura aikin tsani da na sama zuwa safiya, domin bayan la'asar hannu ba ya riƙo kamar da.

Batir

Batirin litiyam zafi ne abokin gabarsa. Kada ka bar shi a rana a kan kwanon rufi ko a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kada kuma ka ɗora shi a caja yana da zafi daga aiki, bari ya huce. Caja ta zauna a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur, kuma ba a ɗakin da yara ke barci ba. Idan wuta ta ɗauke ka zare ta, domin dawowar wuta takan zo da ƙarfi. A cikin jaka, ƙusa ko sukuru ɗaya da ya haɗa bakunan batir ya isa ya tayar da wuta, don haka batir da aljihunsa daban. Lokacin tafiya ka sa maɓallin gaba da baya a tsakiya, yana kulle kunama, ko ka cire batir ɗin.

Kasuwa cike take da batura masu sunan Makita ko DeWalt ko Bosch a jiki amma cikinsu wani abu ne daban. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa sosai, ko ya fi na asali rashin nauyi a hannu, ka bar shi. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage bayan faɗuwa, ko ruwa ya shige shi, ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. Ka ajiye shi waje a kan yashi, kada ka jefa shi a bolar da ake ƙonawa. Idan ya fara hayaƙi ka fitar da mutane, hayaƙin guba ne, ka kira 'yan kwana-kwana a 192 ko lambar gaggawa 112.

Lambar 112 ɗin ce kuma za ka kira idan wutar lantarki ta kama wani. Kada ka taɓa shi da hannu, kashe makunni ko ka ture shi da busasshen katako, kuma ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, domin wuta tana taɓa bugun zuciya. Idan gari ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, ba murzawa. Idan wani abu ya kafe a cikin idon, ba a cire shi a wurin aiki, a rufe shi a hankali a wuce asibitin Komfo Anokye.

Yanzu duk yaron da ya shigo shagona, makonsa na farko a ƙasa yake yi. Nakan ajiye masa guntun linta da aka rushe, mai rodi a ciki, in sa shi ya yi ta huda a gudu mafi ƙanƙanta, hannu biyu, ina tsaye a kansa, har ya ji da kunnensa yadda ƙara ke sauyawa idan biti ya taɓa ƙarfe, ya kuma ji fizgar a tafin hannunsa ƙafafunsa biyu suna kan ƙasa. Sai ya iya sakin kunama kafin in yi magana nake barinsa ya hau tsani.